Tallafin karatu a waje: Ɗaliban zane na Arewa na ɓoye abin da ake nema

Daga watan Agusta zuwa Fabrairun kowace shekara, kaka ce ta masu neman tallafin karatu a ƙasashen waje. Chevening ta gwamnatin Birtaniya ce kan fara buɗe ƙofa a Agusta, hukumar DAAD ta Jamus ta biyo baya, Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai ta shigo wajen Oktoba, sannan Turkiyya ta rufe kakar da nata a Janairu da Fabrairu.

A irin wannan lokaci sanarwa kan yi ta yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai. Masu karatun injiniya da likitanci da kwamfuta su yi ta tambayar juna yadda ake cike fom. Ɗalibin zane-zane kuwa, ko na sassaƙa, ko ginin tukwane, ko zanen tufafi, sai ya share da yatsa ya wuce. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ba da shi ake ba.

Ba za a ga laifinsa gaba ɗaya ba. Tun ranar da ya shiga sashen ake tambayarsa a gida abin da zai ci da zane. Tallafin PTDF na masu karatun da ya shafi man fetur ne. Gwamnatocin jihohi idan sun tashi tura yara waje, likitoci da injiniyoyi da matuƙa jirgi suka fi lissafawa. 'Yan hanyoyin da suka rage ma sun ƙara tsukewa: TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, kuma a shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta soke tallafin BEA na yarjejeniya da wasu ƙasashe.

Ga faɗuwar Naira tun 2023, wadda ta mayar da biyan kuɗin makaranta daga aljihu mafarki ga yawancin iyaye. Digiri na biyu a Royal College of Art da ke Landan ya haura Fam 30,000 ga ɗalibin waje, ban da haya da ci da sha.

Duk da haka hukuncin nasa kuskure ne. Ƙofofin suna nan, wasu ma dominsa aka yi su. Baiwa ba ta yi ƙaranci a Arewa ba, kuma wannan gasa ba ta buƙatar uwa a gindin murhu. Abin da ke kayar da ɗalibin shi ne yana zuwa hannu rabbana, babu shaidar aikin da ya yi. Sannan idan ya tashi gabatar da kansa sai ya ɓoye abin da ya fi kowa sani, ya kwaikwayi abin da wasu suka fi shi iyawa.

Ba duka ne karatun digiri ba

Da yawa sun ɗauka tallafi yana nufin gurbin digiri na biyu kawai. Wannan kashi ɗaya ne, kuma shi ya fi tarin sharuɗɗa.

Chevening takan biya kuɗin makaranta da na jirgi da biza da alawus na shekara guda, kuma ba ta ware fanni ba. Sai dai ba kyan zane take aunawa ba. Tana son digiri mai kyau, da sa'o'i 2,800 na gogewar aiki, wato kimanin shekara biyu, da amsar tambayoyi kan jagoranci, da hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen kwas, da abin da mutum zai yi idan ya dawo. Dawowar ma wajibi ce, na aƙalla shekara biyu. Mai zanen da ya taɓa shirya baje koli a garinsu, ko ya koyar da yara, ko ya haɗa kan masu ɗinkin hula a ƙungiya, ya fi dacewa da ita fiye da gwanin da ya kulle kansa a ɗaki.

DAAD akasin haka take. Tana da tallafi na musamman ga masu zane da tsara fasali da shirya fim, kuma kwamitin furofesoshin makarantun fasaha na Jamus ne ke zama ya duba aikin hannun mutum. Alawus ɗin ya kusa Yuro 1,000 a wata, yawancin makarantun gwamnati a can kuma ba sa karɓar kuɗin karatu. Wahalarta ita ce da yawa daga makarantun da Jamusanci suke koyarwa, kuma ɗalibi a ajin furofesa ɗaya yake zama, don haka sai ya nemo wanda zai karɓe shi. A ƙa'ida kada digirin farko ya wuce shekara shida.

Erasmus Mundus tana ba da Yuro 1,400 a wata, ɗalibi ya yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. A cikin kwasa-kwasanta akwai DocNomads na fim ɗin gaskiya, wanda ake yi tsakanin Lisbon da Budapest da Brussels, da Choreomundus na nazarin raye-rayen gargajiya. 'Yan Najeriya ne suka fi kowa samun wannan tallafi a Afirka a shekarun baya-bayan nan, abin tambaya shi ne nawa ne a cikinsu daga wannan yanki, nawa ne kuma masu fasaha.

Turkiyya kuwa ita ya kamata mai sha'awar rubutun Larabci da ƙawata littafi ya fara kallo. Istanbul ce cibiyar wannan fanni a duniyar yau. Tallafin gwamnatinsu yana haɗawa da shekara guda ta koyon Turkanci, amma akwai iyakar shekaru: ƙasa da 30 ga digiri na biyu, ƙasa da 35 ga na uku.

Duk waɗannan suna tambayar takardar digiri. Ɗan kwalejin kimiyya da fasaha mai HND, ko ɗan kwalejin ilimi mai NCE, ko wanda ya koyi sana'a a gaban ubangida, sau da yawa a nan yake tsayawa ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba.

Akwai gidajen da ake gayyatar mai fasaha ya zauna ya yi aiki na wani lokaci, a ba shi ɗaki da wurin aiki da guzuri, ba tare da an yi masa jarrabawa ba. Rijksakademie da ke Amsterdam tana ɗaukar mutum har na shekara biyu. A can Otobong Nkanga ta zauna, wadda aka haifa a Kano a 1974, kuma cikin ayyukan da ta zaga duniya da su har da wanda ta gina a kan goro. A Dakar akwai Black Rock, wanda Kehinde Wiley ya buɗe a 2019. A Legas akwai G.A.S. na Yinka Shonibare, wanda ke da reshe a gona kusa da Ijebu. Gidauniyar Prince Claus ta Holan kuma tun 2021 take zaɓen sababbin masu fasaha 100 a shekara ta ba kowa Yuro 5,000 ya yi aikinsa a garinsa, ba sai ya hau jirgi ba.

Waɗannan aikin hannu suke kallo kafin komai. Kuma a nan ne matsalar farko take.

Aikin da ba a ɗauki hotonsa ba

Kwamitin da ke zaune a Bonn ko Amsterdam ba zai taɓa zuwa Samaru ya ga tukunyar da ɗaliba ta gasa ba. Abin da zai gani hoto ne a allon kwamfuta, na 'yan daƙiƙu, kafin a wuce ga na gaba. Kundin ayyuka, wanda ɗalibai ke kira fotfoliyo, shi ne wakilin mai nema a ɗakin.

To amma me ke faruwa da aikin shekara huɗu a sassan zane na ƙasar nan? Malami ya ba da maki, a jingine zanen a bayan sutudiyo, ƙura da gara su raba. Gunkin siminti ya zauna a rana har ya tsage. Wani a sayar da shi don kuɗin mota, ba a san wanda ya saya ba. Ranar da aka buƙaci hoto sai a lalubo wanda aboki ya ɗauka da dare, mai zanen yana tsaye a gefe yana murmushi, rabin aikin ya shige duhu.

Gyaran wannan ba ya buƙatar babbar kyamara. Wayar da ke hannun yawancin ɗalibai ta isa. A fito da aikin inuwa da safe ko da la'asar, a jingine shi a farin bango, a tsaya daidai tsakiyarsa, a kashe fitilar waya. Idan abu ne mai jiki kamar tulu ko sassaƙa, a ɗauke shi ta fuska uku, a ƙara da na kusa wanda zai nuna hannun mai aikin. A rubuta sunan aikin da shekara da kayan da aka yi shi da su da girmansa a santimita. A ajiye a intanet, don waya tana ɓata.

Sai zaɓe. Yawancin masu kira suna neman hotuna goma zuwa ashirin, kuma jarabar ɗalibi ita ce ya nuna ya iya komai: ga hoton gwamna da fensir, ga faɗuwar rana da fenti, ga tambarin kamfani, ga kwandon 'ya'yan itace na aji ɗaya. Irin wannan kundi yana nuna ɗalibi mai biyayya ga darasi. Ba ya nuna abin da ke damun mai shi. Ayyuka takwas da ke bin tambaya ɗaya sun fi ashirin da ba su san juna ba.

Hoton fuska da fensir, wanda ake yi har ya yi kama da na kyamara, yana jawo tafi a Facebook kuma yana kawo kuɗin cefane, babu mai raina shi. Amma kwamitin ya ga irinsa ɗari kafin azahar.

Dukiyar da ke bakin ƙofa

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don ƙin amincewa da koyarwar da ke mayar da su 'yan kwaikwayon Turawa. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarar da aka koya a aji a haɗa da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Da wannan suka fita duniya. Nwoko ya karɓi lambar zinare ta bikin gine-gine na Venice a 2023.

A Zariya aka yi wannan juyi, tafiyar 'yan mintuna daga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Amma gadon da ke kewaye da makarantar, an dai taɓa shi, ba a ƙure shi ba.

A duba wanda ya rubuta shi. David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya, shi ya yi bincike mai zurfi kan ɗinkin rigunan Hausa, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976. Zbigniew Dmochowski ɗan Poland ne ya auna gidajen ƙasa na Arewa ya zana taswirarsu. Gumakan Nok na kudancin Kaduna, Jami'ar Frankfurt ce ta shafe shekaru tana haƙa da nazarinsu tun 2005, kuma a Jamus aka fara baje abin da aka tono a 2013. Waɗannan mutane sun yi aikin kirki, ba don su ba da wasu abubuwan sun salwanta. Sun nemi kuɗin bincike ne suka samu. 'Yan gida da suka bi wannan hanya, irin su Farfesa Hamman Tukur Sa'ad da ya yi digirinsa na uku a Michigan kan gwanayen magina na Hausa, sun nuna abin yana yiwuwa, sai dai ba su da yawa.

Kuɗin irin wannan bincike har yau ana raba shi. Gidan tarihi na British Museum yana da shiri tun 2018, mai suna EMKP a taƙaice, wanda aikinsa kawai ba da kuɗi a rubuta tare da ɗaukar bidiyon yadda ake yin sana'o'in hannu da ke neman ɓacewa. Ɗakin karatu na British Library yana da makamancinsa tun 2004 na ceto tsofaffin takardu, kuma ya riga ya biya kuɗin ayyuka kan rubuce-rubucen ajami da na Larabci a Arewacin Najeriya.

Yanzu a tsaya a lissafa abin da ɗalibin Kano ko Katsina ko Zinder yake wucewa kullum a hanyarsa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, inda har yau ake haɗa baba da toka a rami, sannan a kai tufa wurin mabuga. Majema, masu jan fatar da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga. Dagi da zankwaye da shafen makuba a fuskar gida. Allon zayyana na ranar saukar karatu, da tawadar da ake haɗawa da ƙaro, da hannun marubuta irin su marigayi Sharif Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014. Kwalliyar doki ta hawan Sallah, wanda UNESCO ta sanya na Kano a jerin gadon duniya a Disambar 2024.

Ɗalibi yana ganin waɗannan kayan ƙauye ne, ba su kai a sa a takardar da za ta je Turai ba. Alhali su ne abin da ɗan Seoul ko ɗan Sao Paulo da ke takara da shi ba zai iya kawowa ba. Yana jin harshen masu sana'ar. Ya san yadda ake gaida Sarkin Marina kafin a yi tambaya. Wataƙila ma kakansa ne.

Ɗaliba mace ta fi shi riba a nan. Ɗinkin hula, da saƙar faifai, da ginin tukwane a wurare da yawa, da lalle, da kitso, da jeren ɗakin amarya, duk a cikin gida suke, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan Naira 20, da hannun da ta koya a gida ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954, a garin da yanzu ake kira Suleja. Ta koyi sabuwar hanyar gashi, amma ba ta yar da siffar tulun Gwari da zanen ƙadangare da kifi ba, kuma su ne suka kai ta Turai da Amurka.

Wannan ma amsa ce ga iyayen da ke ɗari-ɗari da sashen saboda batun zana mai rai. Fannin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. A Landan akwai makaranta sukutum, wadda gidauniyar Sarki Charles ke gudanarwa, da ke ba da digiri na biyu da na uku a fasahar gargajiya, ciki har da lissafin zanen gine-ginen Musulunci da ƙawata littafi.

Kada dai a fahimci maganar a baibai. Manna dagi a kusurwar zane ba shi ne komawa gida ba, kwamiti yana gane ado daga tunani. Ana neman tambaya ce. Me ya faru da launin baba da rinin kanti ya shigo? Me magini ya rasa da ya koma bulo da kwano? Misali mai kyau yana Dandaji a Jamhuriyar Nijar. Mariam Issoufou, wadda ta bar aikin kwamfuta ta karanci zanen gine-gine a Amurka, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun tarar ana shirin rabuwa da tsohon masallacin ƙasa na garin. Suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa, tare da maginan yankin. Tsohon ginin aikin Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci lambar Aga Khan a 1986. Aikin Dandaji ya ci lambobin duniya, ita kuma yau farfesa ce a Zurich.

Tarkon sayar da hawaye

Kuɗin waje yana da nasa farashi, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba. Masu bayarwa suna da kalmomin da suke son ji: rikici, sauyin yanayi, ƙaura, 'yancin mata. Tallafin Commonwealth, wanda a Najeriya ake bi ta hukumar tallafin karatu ta tarayya, a fili yake cewa sai an nuna yadda karatun zai taimaki ci gaban ƙasa.

Ɗalibin Arewa da ya lura da haka yakan ga hanya mai sauƙi. Ya zana almajiri da kwano, ya zana mace tana kuka a sansanin 'yan gudun hijira, ya rubuta Boko Haram sau uku a shafi ɗaya. Idan abin da ya rayu a ciki ne, kuma yana da abin faɗa, babu mai hana shi. Idan kuma don a buɗe masa ƙofa ne, to ya sayar da hoton mutanensa da araha, kuma zai daɗe ana gayyatarsa ya maimaita abu ɗaya.

Fati Abubakar ta Maiduguri ta bi ta wata hanyar. A 2015, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai gawa da baraguzai, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar Sallah. Ba ta musanta yaƙin ba, ta nuna waɗanda suka ci gaba da rayuwa a cikinsa. Manyan jaridun duniya suka neme ta a kan haka.

Irin wannan gaskiyar ake so a takardar bayanin kai. Yanzu da ChatGPT ya shigo, takardun masu nema sun koma kamar 'yan gida ɗaya, kowa da Turanci mai santsi da ba ya cewa komai. Chevening ta haramta amfani da irin waɗannan manhajoji wajen rubuta amsa. Hanya mafi aminci ita ce mutum ya fara faɗin abin da yake yi da Hausa, kamar yana yi wa kawunsa bayani, ya rubuta shi haka, sannan ya mayar da shi Turanci mai sauƙi ya ba wani ya duba. Abin da ba ya faɗuwa da Hausa, yawanci babu shi ne.

Kuɗin neman kuɗi

Cike fom ɗin Chevening da DAAD da na Turkiyya kyauta ne. Duk wanda ya ce a biya shi don yana da hanya a ciki, ɗan damfara ne. Haka kuma jami'ar da ta rage Fam 3,000 daga kuɗin makaranta na Fam 20,000 ta kira shi tallafi, talla take yi.

Amma neman yana cin kuɗi ta wasu wurare. Fasfo mai shafi 32 ya koma Naira 100,000 tun Satumbar 2025. Jarrabawar Turanci ta IELTS ta haura Naira 200,000, ko da yake jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC a madadinta, don haka a tambaya kafin a biya. Ga takardar sakamakon jami'a, wadda fitar da ita kan ɗauki watanni a wasu makarantu. Ga wasiƙar shaida daga malami, wadda aka saba nema kwana biyu kafin a rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son shiga kakar baɗi, a watan Maris ya kamata ya fara.

Masu iyali su san cewa tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na aji, in ban da masu tallafin gwamnati, tafiya da mata ko miji da 'ya'ya. Ga matar aure mai goyo, zaman wata biyu a Dakar ko Legas, ko tallafin da ake kashewa a gida, ya fi zama abin da za a iya tattaunawa a kai.

Wasu za su ce duk wannan koya wa yara hanyar gudu ne. Akwai ƙamshin gaskiya, don ba kowa ke dawowa ba. Kuma ba dole ne sai an fita ba: Ibrahim Mahama na Ghana a Kumasi ya yi karatunsa, da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya isa Venice a 2015, sannan ya kwashe abin da ya samu ya gina cibiyoyin fasaha a Tamale, can arewacin ƙasar. Amma hana matashi nema ba ya riƙe shi a gida, abin da ke riƙe shi aikin yi ne. Najeriya tana karɓar kayan tarihinta daga Turai, Holan kaɗai ta dawo da 119 na Benin a 2025. Ana buƙatar waɗanda suka san yadda ake adana tagulla da fata da takarda da tufa, kuma wannan ilimi ne da sai an je an koyo. Jihar da za ta tura yara ɗari waje ba za ta talauce ba idan ta ware gurbi biyu ga masu kula da Gidan Makama ko takardun Gidan Arewa.

Nauyi mafi kusa yana kan sassan zane na jami'o'i da kwalejoji. Bango ɗaya mai farin fenti da fitila biyu sun isa a ɗauki hoton aikin kowane ɗalibi kafin ya fita. Awa biyu a zangon ƙarshe sun isa a koya masa rubuta shafi ɗaya game da aikinsa da tsara kasafin kuɗi. Malamin da ya taɓa samun tallafi ya buɗe takardarsa ga na baya, maimakon ya kulle ta a durowa.

Manyan tallafin bincike irin na British Museum ba a zuba su a asusun mutum ɗaya, sai ta hannun wata cibiya da za ta tsaya masa. Ke nan ɗan marina da ya kammala digiri, yake son ya ɗauki bidiyon yadda tsofaffin gidansu ke haɗa baba tun suna raye, yana buƙatar shugaban sashe ko gidan tarihi ya sa masa hannu, kuma ya sa kafin ranar rufewa.